Binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa: me zai hana ta fashe kamar tafkin Nyos?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Na ji a rediyo cewa kamfanonin mai da gas suna kama iskar kabon dayoksaid, wadda ake cewa ita ke ɗumama duniya, su tura ta cikin ƙasa su binne. Mu nan ba mu manta da abin da ya faru a tafkin Nyos a 1986 ba, lokacin da wannan iskar ta fito da dare ta hallaka jama'a da dabbobi. To ina suke zuba ta, rami suke haƙawa? Me zai hana wata rana ta fashe ta fito? Kuma tsakani da Allah, abin nan gyara ne, ko dabara ce ta ci gaba da haƙar mai?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Nyos.

Ba rami ake haƙawa ba, kuma babu wani kogo a can ƙasa da ake cikawa. Cikin jikin dutse iskar take shiga. Akwai dutsen da asalinsa yashi ne na tsohon kogi ko tsohon teku, ƙasa ta danne shi shekaru miliyoyi har ya danƙare. A ido dutse ne sosai, amma tsakanin ƙwayoyin yashin akwai 'yan kafofi da ba su kai tsinin allura ba, kuma suna haɗe da juna. In ka taɓa zuba wa jan bulo ruwa ka ga ya shanye shi, ka ga yadda abin yake. Man fetur da gas ma haka suke zaune a ƙasa, cikin kafofin dutse. Inda babu mai, abin da ya cika kafofin ruwan zartsi ne, wanda sau da yawa ya fi na teku gishiri, ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa. Saboda haka wuraren ajiyar iri biyu ne: filin mai ko gas da aka riga aka kwashe, ko kuma irin wannan shimfiɗar dutse mai ruwan zartsi, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Zurfin yana da dalili. Iskar kabon in zafi ya haura digiri 31, matsi kuma ya kai kamar ninki 73 na matsin iskar da muke shaƙa, sai ta canza hali: ta yi nauyi kusan na ruwa, amma tana kutsawa cikin kafofi da sauƙi irin na iska. Ana samun wannan zafi da matsi daga wajen mita 800 zuwa ƙasa, shi ya sa ba a yin ajiya a sama da haka. Tan ɗaya da zai cika fili fiye da kubik mita 500 a doron ƙasa, a can ƙasa bai wuce kubik mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba.

Duk da ta yi nauyi, ba ta kai ruwan zartsi ba, don haka da zarar ta bar bakin rijiyar da aka haƙa don tura ta cikin dutsen sai ta nufi sama. Abin da ke tare ta shi ne murfi: shimfiɗar dutsen laka ko ta gishiri da ke kwance a kan dutsen yashin, wadda kafofinta suka yi ƙanƙantar da ruwa ma ba ya ratsawa. Wannan murfin shi ne ya riƙe mai da gas shekaru miliyoyi kafin a zo a huda. A shekarun farko shi kaɗai ake dogaro da shi. Amma yayin da iskar ke yaɗuwa, wani ɓangare yana maƙalewa a kafofin da ta ratsa, ɗigo-ɗigo, ruwa ya dawo ya kewaye shi, ba gaba ba baya. Wani ɓangaren yana narkewa cikin ruwan zartsin, ruwan da ya sha iskar kuwa ya fi sauran nauyi, sai ya nutse ƙasa maimakon ya taso. A ƙarshe wani kaso yana haɗuwa da ma'adanan dutsen ya zama dutse shi ma. A dutsen yashi wannan na ƙarshe yana cin ɗaruruwa ko dubban shekaru. A baƙin dutsen aman wuta kuwa yana sauri: a aikin CarbFix na ƙasar Iceland, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da aka tura ya zama dutse cikin shekara biyu, sai dai hanyar tana shan ruwa da yawa, kusan tan 25 na ruwa ga kowane tan ɗaya na iskar. Ma'anar duk wannan ita ce ajiyar ta fi haɗari lokacin da ake kan turawa da 'yan shekarun da ke biye, sannan haɗarin ya riƙa raguwa.

Nyos daban yake. Tafki ne a bakin tsohon dutsen aman wuta, zurfinsa wajen mita 200, iskar tana tsattsafowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasan tafkin. Babu murfin dutse. Nauyin ruwan sama ne kawai ya danne na ƙasa. A daren 21 ga Agusta 1986 wani abu ya motsa ruwan, ana kyautata zaton zaftarewar ƙasa ce, ruwan ƙasa ya taso, matsi ya ragu a kansa, iskar ta fita, fitarta ta ƙara jawo wani ruwan sama, haka har abin da ya taru shekara da shekaru ya fice cikin ɗan lokaci. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi da kamar rabi, sai ta bi kwaruruka ta kwanta a kan ƙauyuka. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Tun 2001 aka sa bututu a Nyos yana fitar da iskar sannu a hankali, aka ƙara wasu a 2011.

Ruwan tafki yana iya juyewa gaba ɗaya. Dutse mai kaurin kilomita ba ya juyewa, kuma iskar da ke warwatse cikin kafofi dole ta bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ta je ko'ina. Ko murfin ya tsage, yoyo za a samu, na watanni da shekaru. Fashewa irin ta Nyos daga cikin dutsen ajiya ba abu ne da ilimin duwatsu ya yarda da yiwuwarsa ba. Akwai ma shaida daga halitta: a McElmo Dome a jihar Colorado da Bravo Dome a New Mexico, a Amurka, an tarar da iskar kabon kusan zalla a ƙarƙashin murfi, wadda ta daɗe a wurin fiye da shekara miliyan. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, a rahotonsa na musamman na 2005, ya ce wurin da aka zaɓa da kyau aka kuma kula da shi da kyau, mai yiwuwa ne ya riƙe sama da kashi 99 cikin 100 har shekara 1,000. Ka lura da sharuɗɗan biyu, domin duk matsalar da aka gani a aikace daga cikinsu ta fito.

Aikin da kowa ke kafa hujja da shi shi ne Sleipner, a Tekun Arewa, kamar kilomita 250 daga gaɓar Norway. Gas ɗin da ake haƙowa a wurin yana ɗauke da kusan kashi 9 cikin 100 na iskar kabon, masu saye kuwa ba sa karɓar fiye da kashi 2.5. Dole a tace. A al'ada abin da aka tace sama ake sakinsa, amma Norway ta sa haraji a kan hakan a 1991, sai kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya lissafa ya ga binnewa ta fi biyan haraji araha. Daga 1996 suka fara tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin dutsen yashin Utsira, a zurfin wajen mita 1,000 daga saman teku. Suna leƙen abin da ke faruwa ta hanyar aika amo cikin ƙasa daga jirgin ruwa su saurari dawowarsa, irin binciken da ake yi wajen neman mai. Har yau ba a ga alamar yoyo ba. Sai dai hoton 1999 ya ba su mamaki: sun zaci iskar za ta taru wuri ɗaya, sai ga ta ta rabu hawa tara, saboda wasu siraran shimfiɗun laka da ba a san da su ba. Ba ta fita ba, amma ta bi hanyar da babu wanda ya zana mata. Utsira kuwa dutse ne da ba a cika samun irinsa ba, mai kaurin fiye da mita 200, kashi ɗaya cikin uku na jikinsa kafofi ne. Wanda ya ce maka ko'ina zai yi kamar Sleipner, tallar hajarsa yake yi.

Matsala ta farko matsi ce. Kafofin nan a cike suke, duk abin da ka tura sai ya ture ruwa, ruwan kuma in bai sami wurin zuwa ba matsi ya hau, in ya hau da yawa dutse ya tsage. A Snøhvit, can arewacin Norway, an fara turawa a 2008, matsi ya riƙa hawa fiye da lissafi, a 2011 dole aka bar wannan shimfiɗar aka koma wata. Wanda ya fi kusa da mu shi ne In Salah, a tsakiyar Sahara ta Aljeriya, aikin haɗin gwiwar BP da Sonatrach da Statoil. Daga 2004 zuwa 2011 an tura tan miliyan 3.8 cikin siririn dutse mai kaurin mita 20, a zurfin kusan kilomita biyu, dutsen da ba ya shan abu da sauƙi. Tauraron ɗan'adam ya nuna ƙasar da ke kan rijiyoyin tana ɗagowa kamar milimita 5 a shekara, kuma siffar ɗagowar ta nuna tsaga ta buɗe a ƙasan murfin. Murfin yana da kaurin ɗaruruwan mita, ba a ga iskar ta ratsa shi ba, amma a samansa akwai ruwan sha na ƙarƙashin hamada, wanda babu mai hankalin da zai yi caca da shi. Aka dakatar da aikin a 2011. A ganina In Salah ya fi Sleipner amfani ga mai neman sani, domin ya nuna cewa ana iya hango matsala tun kafin ta zama ɓarna, in dai akwai mai dubawa kuma akwai mai ikon cewa a tsaya.

Gorgon na kamfanin Chevron, a tsibirin Barrow na Ostireliya, shi ne babba a cikinsu, an tsara shi ya binne har tan miliyan 4 a shekara. An fara fitar da gas a 2016 amma binnewa sai 2019, kuma rijiyoyin da aka haƙa don zuƙe ruwa a rage matsi suka riƙa toshewa da yashi. Alkawarin da aka yi wa gwamnati na binne kashi 80 cikin 100 bai cika ba, kamfanin ya sayi takardun diyya, wato shaidar an rage hayaƙi a wani wuri dabam, ya cike giɓin, abin da ba a binne ba kuwa ya tafi sama.

Matsala ta biyu rijiya ce, kuma ita ta fi damuna. Murfin da Allah ya halitta ba shi da huda, mu ne muke huda shi. Kowace rijiya bututun ƙarfe ne da aka liƙe da siminti, iskar kabon kuwa in ta haɗu da ruwa tana zama ruwa mai ɗan tsami da ke cin ƙarfe yana raunana siminti. Sabuwar rijiyar da aka gina don wannan aiki ana sa mata ƙarfe da simintin da za su jure. Tsohuwar da aka haƙa shekara hamsin da suka wuce aka toshe ta da gaggawa, wani lokaci takardunta ma sun ɓata, ita ce ƙofar da aka bari a buɗe. A In Salah ɗin, ɗan yoyon da aka taɓa gani a doron ƙasa, a 2007, ta bakin wata tsohuwar rijiyar bincike ya fito. Nan ne tsohon filin mai yake da fuska biyu: an san dutsensa sarai, an tabbata murfinsa ya taɓa riƙe gas, amma shi ne kuma aka fi hudawa.

In akwai abin da ya yi kama da Nyos a wannan sana'a, to a bututun jigila yake, a doron ƙasa. A Fabrairun 2020, kusa da ƙauyen Satartia a jihar Mississippi, ƙasa ta zame bayan ruwan sama mai yawa, bututun iskar kabon ya tsinke. Iskar ta kwanta a kan ƙauyen, motoci suka riƙa mutuwa saboda inji bai sami iskar ƙonewa ba, aka kwashe mutum wajen 200, aka kai 45 asibiti. Ba a rasa rai ba. Amma wanda za a ratsa garinsa da irin wannan bututu yana da haƙƙin ya tambayi ta ina zai bi, kwari ko tudu, kuma wa zai sanar da mutane su hau tudu in abu ya faru.

Saura tambayarka ta ƙarshe, gyara ne ko dabara. Duka biyun akwai, kuma ana iya rarrabe su.

Masu mai sun fara tura iskar kabon cikin ƙasa tun kafin a fara maganar sauyin yanayi a gwamnatance. A 1972, a filin SACROC na yammacin Texas, aka fara yi da yawa, don iskar tana narkewa cikin ɗanyen mai ta tsinka shi, ya saki dutse ya fito. Har gobe mafi yawan abin da ake kamawa a duniya, kamar kashi uku cikin huɗu, wannan aikin ake yi da shi. Filin mai na Weyburn a Kanada, wanda a 2000 aka fara kawo masa iskar ta bututun kilomita 320 daga Dakota ta Arewa, irinsa ne. Petrobras a tekun Barazil yana mayar da fiye da tan miliyan 10 a shekara cikin filayensa, shi ma haka. Gaskiya ne iskar da aka tura yawancinta tana zama a ƙasa. Amma gangar mai ɗaya in an ƙone ta tana fitar da wajen kilo 430 na wannan iskar, don haka a lissafin yanayi abin ya kusa zama tufka da warwara. Abin da ya fi ban dariya, kaso mai yawa na iskar da ake amfani da ita a Texas daga McElmo da Bravo ake haƙo ta, wato an tono wadda take binne tun asali.

Ko a Sleipner, inda ba don ƙarin mai ake yi ba, abin da ake binnewa dattin da aka tace daga gas ne. Gas ɗin kansa ana sayar da shi a ƙone a Turai, hayaƙinsa ya tafi sama. Mafi yawan iskar kabon da ke fitowa daga mai da gas a wurin ƙonewa take fita, a mota da janareta da tashar lantarki, inda babu mai kama ta. Kamfanin da ya binne dattin tacewa ya yi abin kirki, amma in ya ce gas ɗinsa ya zama mai tsabta ya faɗi abin da ba haka ba. Kuma dubi girman abin: duk ayyukan kamawa na duniya in sun yi aiki cikakke, wajen tan miliyan 50 ne a shekara, alhali ƙona makamashi yana fitar da kimanin tan biliyan 37. Aikin shekara guda bai wuce hayaƙin rabin yini ba.

Inda nake ganin ba makawa sai da binnewa shi ne masana'antun da iskar ke fitowa daga kayan aikin kansu. Siminti ne babban misali: fiye da rabin iskar da yake fitarwa daga dutsen farar ƙasa take fita in an gasa shi, ko da me aka hura wutar. A nan ƙwarewar masu mai wajen haƙa da sanin dutse tana da amfani na gaske. Aikin Northern Lights na Equinor da Shell da TotalEnergies a Norway haka aka gina shi: jirgin ruwa ya ɗauko iskar daga masana'antar siminti ta Brevik, a sauke a Øygarden, bututun kilomita 100 ya kai ta teku, a tura ta mita 2,600 ƙarƙashin ƙasan teku. An fara turawa a Agustan 2025, matakin farko tan miliyan 1.5 a shekara. Gwamnatin Norway ce ta ɗauki kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin matakin farko. Haka abin yake ko'ina: binne iska ba ta da mai saye, sai an sa haraji kamar Norway ko an ba da tukuici kamar Amurka, wadda dokarta ta 2022 ta ware dala 85 kan kowane tan.

Akwai kuma maganar wa zai tsaya a kan ajiyar bayan kamfani ya naɗe tabarmarsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta ce bayan rufe wuri kamfani zai ci gaba da sa ido aƙalla shekara 20 kafin ya miƙa wa gwamnati. A Amurka ƙa'idar shekara 50 ce, sai in an nuna hujjar ragewa. Inda aka miƙa wa gwamnati, nauyin ya koma kan jama'a.

A yankinmu, dutsen da ya dace akwai shi. Shimfiɗar Agbada ta Neja Delta yashi ne da laka hawa-hawa, irin abin da ake nema, kuma tsarin ya miƙe zuwa Rio del Rey a ɓangarenku na Kamaru. Amma tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956 ake huda wannan ƙasa, rijiyoyi dubbai ne, kuma kafin a tura tan ɗaya sai an nemo kowace tsohuwar rijiya a kewayen an tabbatar da toshewarta. Sannan Najeriya har yanzu tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiya. Kashe wannan wutar ya fi binnewa araha ƙwarai, yana rage hayaƙi nan take, gas ɗin da aka tsira da shi kuma ana iya sayar da shi ko a ba tashar lantarki. In kamfani ya zo da shirin binne iska alhali wutarsa tana ci dare da rana, ni dai zan ce ya fara kashe wutar, sannan ya kawo takardun tsofaffin rijiyoyin a duba.